Fito

A Wad Madani, a ɗakin gwaji na bene,
fanka na juyi kamar an tilasta mata.
Dakta Awadiyya ta ce, “Sa ido, kar ki ƙifta.”
Na kafa ido a bakin madubi,
sai ga bishiya an rine ta da shuɗi,
duk girmanta bai kai tsinin allura ba.

Ta ce, ƙwayar jijiya ke nan.
Ga cikinta, ga ƙwallo a tsaka kamar na goriba.
Ga rassa sun baje ta ko'ina,
kowane reshe kunne ne.
Ga doguwar saiwa guda ɗaya tal,
ita ce baki, ita ke kai magana.
Akwai wadda ke tasowa daga ƙugu,
ba ta yada zango sai a babban yatsan ƙafa.

An naɗe saiwar da kitse, gaɓa bayan gaɓa,
kamar raken Sannar.
Saƙo ba ya bin ta da rarrafe,
tsalle yake, yana dira a mahaɗa.
Shi ya sa hannu kan saki butar shayi mai zafi
tun baki bai ce wayyo ba:
laka ta gama yanke hukunci,
sannan a kai wa ƙwaƙwalwa labari.

Duk na rubuta.
Abu ɗaya ne ya tsayar mini da alƙalami:
wai ba sa taɓa juna.
Tsakanin jijiya da 'yar'uwarta akwai rata,
ɗan ruwa siriri.
Saƙo ya iso bakin gaɓa, ya tsaya,
sai an loda shi a ƙananan jirage
an tura shi ƙetare.

Na ce a raina, ashe fito ne.

Shekara talatin da ɗaya Baba Tanimu na fito a Mai Wurno.
Ya haye da buhunan albasa, da awaki masu gardama,
ya haye da ungozoma cikin dare,
ya haye da makara, bai karɓi ko sisi ba.
Wata Laraba bayan asuba
kofi ya suɓuce masa.
Ya dubi hannunsa na dama
kamar baƙon da ya shigo ba sallama.

Maƙwabta suka ce iska ce.
Likita ya ɗaga hoton kai a hasken taga,
ya nuna wani ɗan duhu a hagu.
Inna ta ce, “To ai dama ce ta shanye!”
Sai yau na samo mata amsa:
can ƙasan ƙeya hanyoyin ke gicciye,
na hagu su bi dama, na dama su bi hagu.
Jiki ma sai ya haye kogi
kafin ya iso wurin kansa.

Ran Alhamis na shiga motar gida.
Na zauna gefen gadonsa da kwalbar man riɗi,
ina murza yatsu ɗaya bayan ɗaya,
ina ba shi labarin rassa da saiwa da rata.
Ya yi dariya da rabin baki.
Maganarsa na fitowa da nauyi, kamar jirgi a kan yashi:
“In mashigi ya cike...
ba a... sayar da jirgi.
Sama kaɗan... akan gwada.”

Ban gaya masa ba, haka littafin ma ya ce,
a shafi uku, da dogon Turanci.

Na sa masa lemon tsami a tafi.
Na ce, matsa.
Shiru.
Na ce, Baba, akwai mutane a gaɓa suna jira.
Daga nan muna jin ƙarar ruwa a bayan gonakin mangwaro.
Na zuba wa manuniyarsa ido
kamar yadda aka koya mini,
ban ƙifta ba.